Lukaku a Chelsea: An sayi ƙwallaye, an baro hanyar da ke kawo su a Milan

Ranar 19 ga Fabrairun 2022 Chelsea ta je Selhurst Park, gidan Crystal Palace a kudancin Landan, ta ci ɗaya mai ban haushi, ƙwallon da Hakim Ziyech ya zura a minti na 89. Da gari ya waye ba wanda ya tuna da Ziyech. Romelu Lukaku ake ta zance a kai. Ya buga wasan tun daga busa usur har aka tashi, kuma sau 7 kacal ya taɓa ƙwallo. Biyu ne kafin hutun rabin lokaci, ɗaya daga cikin biyun ma take wasa ce a tsakiyar fili. Tun da kamfanin Opta ya fara tattara irin wannan lissafi a gasar Firimiya a kakar 2003/04, ba a taɓa samun ɗan wasan da ya cika minti 90 da ƙarancin taɓi irin wannan ba.

Wannan mutum kuwa Chelsea ta biya Inter Milan fam miliyan 97.5 a kansa wata shida kafin nan, kuɗi mafi tsoka da ta taɓa kashewa kan ɗan wasa a lokacin. Mako guda kafin wasan Palace shi ne ya ci Al Hilal, ya kuma ci Palmeiras a wasan ƙarshe a Abu Dhabi, Chelsea ta ɗaga kofin duniya na ƙungiyoyi karon farko. Kwana uku bayan wasan Palace, da Lille ta zo Stamford Bridge a Gasar Zakarun Turai, a benci ya kwana, Kai Havertz ya tsaya a gurbinsa ya kuma ci ƙwallo.

Daga Landan har gidajen kallon Kano da Zariya da Maraɗi, magoya bayan Chelsea sun kasu biyu. Wasu suka ce Lukaku ya ƙare, ba ya gudu, ba ya iya tare ƙwallo. Wasu suka ce 'yan tsakiya ne ba sa ba shi. Ni a ganina gardamar ta zo a makare. Tambayar ko ɗan wasan gaba ya dace da tsarin ƙungiya ana yin ta ne kafin a sa hannu a kwantiragi, kuma shugabanni da koci ya kamata su amsa ta. Chelsea ta ƙirga ƙwallayen da Lukaku ya ci a Italiya, ta biya kuɗinsu, amma ba ta zauna ta duba ta wace hanya ƙwallayen ke zuwa ba, balle ta yanke shawarar ko za ta iya buɗe masa irin wannan hanya a Landan.

Matsalar da Chelsea ke son magancewa ta gaske ce. Thomas Tuchel ya karɓi ƙungiyar daga hannun Frank Lampard a Janairun 2021, cikin wata huɗu ya kai ta ga lashe Gasar Zakarun Turai, inda ta doke Manchester City da ci 1-0 a birnin Porto ranar 29 ga Mayu. Amma a Firimiya ta ƙare ta huɗu da ƙwallo 58, kuma wanda ya fi kowa ci mata shi ne Jorginho, ɗan tsakiya, da ƙwallo 7, dukkansu fenariti. Timo Werner da aka kawo daga Leipzig 6 ya ci. Kowa ya ga ƙungiya mai katangar baya, mai riƙe ƙwallo, mai ƙirƙirar dama, amma ba mai ƙarasawa. Sai aka waiga aka ga Lukaku da ƙwallo 24 a Serie A, ya taimaka aka ci wasu 11, Inter ta ɗauki kofi karon farko tun 2010, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Inter kuma tana cikin matsin kuɗi, kocinta Antonio Conte ya ajiye aiki, an sayar da Achraf Hakimi ga PSG. Ga shi tsohon yaron Chelsea ne, wanda ta ɗauko daga Anderlecht a 2011 yana shekara 18, ta sayar wa Everton a 2014 ba tare da ya ci mata ko ɗaya a Firimiya ba. Lissafin ya yi kama da mai sauƙi. Aka sallami Tammy Abraham zuwa Roma, Olivier Giroud zuwa AC Milan, aka miƙa wa Lukaku riga mai lamba 9.

Duk wanda ya kalli Inter ta Conte da idon basira ya san ƙwallayen nan ba daga sama suke faɗowa ba. Conte yana tsayar da 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba biyu. Da gangan Inter ke juya ƙwallo a bayanta, tsakanin gola Samir Handanović da su Stefan de Vrij da Alessandro Bastoni, tana jan abokan hamayya su hauro. Da zarar sun hauro, fili ya buɗe a bayansu, sai a harba ƙwallo kai tsaye zuwa ga Lukaku, galibi a ɓangaren dama. Ko dai ya ajiye wa Lautaro Martínez ko Nicolò Barella da taɓi ɗaya ya juya da gudu, ko ya murɗe ɗan bayan da ke manne da shi ya fuskanci raga da ƙafar hagunsa. Conte ya sa an maimaita waɗannan motsi a filin atisaye har suka zama jiki. Lukaku ya san inda ƙwallo za ta zo kafin a buga ta, Lautaro ya san inda zai tsaya kafin Lukaku ya tare ta.

A duba wasan hamayyar Milan na 21 ga Fabrairun 2021, wanda Inter ta ci 3-0. Ƙwallon farko, Lukaku ne ya tsere ta gefen dama ya ɗaga wa Lautaro ya sa kai. Ta uku kuwa ya karɓe ta ne kusa da tsakiyar fili, ya kwasa da gudu, 'yan bayan Milan na ja da baya, ya sheƙa ta da hagu. A duka biyun fuskarsa na kallon raga, ga kuma fili a gabansa.

A nan ne girman jikin Lukaku ya daɗe yana yaudarar mutane. Suna ganin ƙato sai su ɗauka Didier Drogba ne na biyu, mai juya wa raga baya, a jefa masa ƙwallo a ƙirji ya riƙe har abokai su iso. Conte ya koya masa wani abu na wannan aiki, ya kuma ƙaru da shi ƙwarai. Amma asalin ƙarfinsa gudu ne cikin buɗaɗɗen fili, tun zamanin da ya ci wa West Brom ƙwallo 17 a kakar 2012/13. A cunkoso, inda 'yan baya biyu ke kewaye da shi kuma tilas taɓin farko ya zama na lallashi, nan rauninsa yake fitowa.

Chelsea ta Tuchel kuwa cunkoso take ƙirƙira da hannunta. 'Yan baya uku, Jorginho da N'Golo Kanté ko Mateo Kovačić a tsakiya, 'yan gefe biyu masu hawa da sauka, sai mutum uku a gaba da ke musayar wuri. Ƙungiyar na riƙe ƙwallo da gajerun fasin, tana tura abokan hamayya har su koma bakin ragarsu. Kafin ƙwallo ta iso wurin ɗan gaba, mutum takwas ko tara sun riga sun yi layi a gabansa. Filin da Lukaku ke so, salon wasan ƙungiyarsa ne ke cinye shi. In kuma ƙwallo ta ƙwace, Tuchel yana son mutum ukun nan na gaba su far wa 'yan bayan abokan hamayya nan take, da gudu ba tsayawa. Havertz da Mason Mount da Werner sun iya wannan, da shi suka ci kofin Turai. Lukaku bai taɓa zama irin wannan ɗan wasa ba, Conte ma bai ɗora masa wannan nauyi sosai ba. Abin ya zama kamar mutum ya sayi dokin sukuwa ya ɗaure shi a zaure, sannan ya zauna yana ƙorafin bai ga gudu ba.

Farkon zuwansa ya rufe wannan gaskiya. Ranar 22 ga Agustan 2021 a Emirates, cikin minti 15 ya ci Arsenal, ya wahalar da Pablo Marí har abin ya ba da tausayi. Ya ci Aston Villa biyu, ya ci Zenit da ka. Ƙwallo huɗu a wasa huɗu na farko. Sai dai Arsenal ta wannan rana ta bar shi da mutum ɗaya ga fili, abin da sauran ƙungiyoyi suka gani suka kiyaye. Daga nan raga ta rufe masa har ya ji rauni a idon sawu a wasan Malmö ranar 20 ga Oktoba.

Abin da ya biyo baya ne ya jefa shakku a zukatan mutane. Ba tare da ya taka fili ba, Chelsea ta lallasa Norwich 7-0, ta ci Newcastle 3-0, ta ci Leicester 3-0, ta yi wa Juventus 4-0. Tana saman teburi, tana wasa a sake, ƙwallaye na zuwa ta wurin Reece James da Ben Chilwell da Mount. Wanda ya ga haka dole ya ce, to me aka sayi mutumin nan ya yi? Amma akwai abin da masu wannan tambaya ke tsallakewa. A daren Juventus ɗin nan, 23 ga Nuwamba, Chilwell ya tsinka jijiyar gwiwa, kakarsa ta kusan ƙarewa. Ranar 29 ga Disamba James ya ji rauni a cinya a wasan Brighton. Waɗannan biyu su ne masu ɗago ƙwallo cikin da'irar gola, James ne ma ya ba Lukaku ƙwallon Arsenal. Lokacin da Lukaku ya warke daga rauni da cutar korona ya dawo, ya ci Villa da Brighton a jere, mutane biyun da suka fi iya nemo shi sun tafi jinya.

Kashegarin wasan Brighton ne hirar da ya yi da Sky ta Italiya ta fito, wadda aka naɗa makonni kafin nan. Ya nuna bai ji daɗin halin da yake ciki ba, ya ce koci ya zaɓi wani tsari daban, ya kuma bayyana burin komawa Inter wata rana. Tuchel ya cire shi daga tawagar da ta kara da Liverpool ranar 2 ga Janairu, Lukaku ya fito ya ba da haƙuri. Ba zan wanke shi a nan ba. Ɗan wasan da aka biya wannan kuɗi a kansa, wata huɗu da zuwa, ba shi da hujjar kai kukansa gidan talabijin na wata ƙasa alhali ofishin kocinsa a buɗe yake. Ya zubar da amanar magoya baya a daidai lokacin da ya fi bukatarta, kuma daga ranar kowane kuskurensa ninki biyu ake ƙirga masa. Sai dai rashin dacewar wurin da ya yi maganar bai mayar da ita ƙarya ba. Tsarin bai dace da shi ba, kuma shi ne mutum na farko a cikin gidan da ya faɗa a fili.

Wasan Manchester City na 15 ga Janairun 2022 ya nuna ɓangarorin biyu a rana ɗaya. City na hawa, tana barin fili a baya, irin wasan da aka haifi Lukaku dominsa. Kovačić ya zura masa ƙwallo ɗaya mai kyau bayan hutu, golan City Ederson ya ture. An sha ganinsa yana nuna inda yake so a jefa masa, ƙwallo ta ƙi zuwa ko ta zo a karkace. Kevin De Bruyne ya ci, aka tashi 1-0. Bayan wasa Tuchel ya koka cewa Lukaku na zubar da ƙwallo ko ba wanda ya matsa masa. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa 'yan wasan da aka shekara ana horarwa su ajiye ƙwallo a ƙafar na kusa ba za su koyi jefa ta bayan 'yan baya cikin dare ɗaya ba. Mai gudu in ya yi gudu sau biyar ba a ba shi ba, a na shida tsayawa zai yi. In ya tsaya, masu fasin su ce ba ya motsi. Haka aka yi ta zagaye har aka kai ga taɓi bakwai na Selhurst Park.

Shi kansa lissafin taɓi bai isa hukunci ba. A Agustan 2022 Erling Haaland ya taɓa ƙwallo sau 8 kacal a wasan da City ta ci Bournemouth 4-0, aka yi ta surutu cewa bai dace da salon Pep Guardiola ba. A ƙarshen kakar ya ci 36 a Firimiya, City ta haɗa kofi uku. Bambancin yana wurin koci da abokan wasa. Guardiola ya san ya karɓi mutumin da ba zai sauko tsakiya ya yi ta musayar fasin ba, sai ya nemi cike wannan giɓi ta wata hanya, har ya riƙa tura John Stones daga baya zuwa tsakiya. Ga kuma De Bruyne, wanda abin da ya fi so a duniya shi ne ya ɗaga kai ya ga mai gudu. Tuchel ya ɗan gwada, ya haɗa Lukaku da Werner a gaba a wasu wasanni, amma bai taɓa sakin jiki ya sauya ginin da ya ba shi kofin Turai ba. Ina fahimtarsa. Wa zai rushe abin da ya doke Guardiola sau uku cikin mako shida? To amma in ba za a rushe ba, ai kamata ya yi a nemo ɗan gaban da zai shiga ginin yadda yake.

Chelsea ba ta rasa darasi a tarihinta ba. A 2014 José Mourinho ya kawo Diego Costa, a bazarar kuma ya kawo Cesc Fàbregas. Costa ya ci 20 a Firimiya, Fàbregas ya taimaka aka ci 18, kofi ya zo. An sayi mai ci tare da mai ba shi. A bazarar 2021 kuwa, ban da Lukaku, sai gola na uku Marcus Bettinelli da Saúl Ñíguez da aka aro daga Atlético Madrid. Magoya baya sun fi son su ce rigar lamba 9 ce ke da baƙin jini a Stamford Bridge, su lissafo Fernando Torres da Álvaro Morata da Gonzalo Higuaín. Riga ba ta da laifi. A yawancin waɗannan cinikai suna aka saya, aka bar wa koci ya san yadda zai yi da shi.

Mu ma mun ga irin wannan a kan namu. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai, ya je Leicester daga CSKA Moscow a 2016 kan kuɗin da ƙungiyar ba ta taɓa kashewa ba. Ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunta, kowa ya ce an dace. Amma aikin da ya fi iyawa, wato tsere wa 'yan baya, Jamie Vardy ne ke riƙe da shi, wanda ke kusa da Vardy kuma ana son mai aikin wahala irin Shinji Okazaki. Ƙwallo 2 ya ci a Firimiya. Da aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018 ya farfaɗo, a watan Yuni ya ci Iceland biyu a Volgograd a gasar cin kofin duniya. Ƙafar ba ta sauya ba tsakanin Leicester da Volgograd.

Lukaku ya ƙare kakar da ƙwallo 8 a wasa 26 na Firimiya, 15 a duka gasa, kuma duk da haka ba wanda ya fi shi ci a Chelsea. Ƙungiyar ta ƙare ta uku, ta sha kashi a hannun Liverpool a bugun fenariti a wasannin ƙarshe biyu na gida. A na kofin Carabao ya zura ƙwallo a ƙarin lokaci, aka soke ta da satar gida ta ɗan taƙi. A tsakiyar wannan duka gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Roman Abramovich takunkumi a watan Maris, ƙungiyar ta koma hannun su Todd Boehly, su kuma waɗanda suka ƙulla cinikin Lukaku suka watse ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen Yuni aka mayar da shi Inter aro. Sabbin masu gida suka kawo Pierre-Emerick Aubameyang a farkon Satumba saboda ya san Tuchel tun Dortmund, suka kori Tuchel ranar 7 ga wata. Aubameyang ya ci ƙwallo 1 a Firimiya.

Kada a ɗauka barin Landan ya goge aibun Lukaku. Damar da ya ɓarar a gaban Croatia a Qatar a 2022, da ƙwallon kan da ya buga wa Ederson a jiki a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2023, nasa ne shi kaɗai, ba tsarin da za a ɗora wa. Ɗan wasa ne mai iyaka, mai bukatar a yarda da shi kuma a gina masa. Akwai 'yan gaban da za a jefa ko'ina su rayu, kamar Harry Kane ko Karim Benzema, domin suna iya saukowa su ƙirƙira wa kansu. Shi ba ya cikinsu, kuma wannan ba sirri ba ne a 2021. Ya yi shekaru a Ingila, a West Brom da Everton da Manchester United, kowa ya san shi ciki da bai.

Bayan Lukaku ya yi shekara guda a Roma, Conte ya karɓi Napoli a 2024, ya nace sai an kawo masa shi, a daidai lokacin da Victor Osimhen ke kan hanyar fita zuwa Galatasaray. Chelsea ta karɓi kusan yuro miliyan 30, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ta biya ba. Lukaku yana da shekara 31, gudunsa ya ragu, Conte ya san da haka. Sai ya ƙara dogara da ƙarfinsa na tare ƙwallo, ya sa Scott McTominay, wanda Manchester United ta sallama, ya riƙa shigowa daga tsakiya yana cin moriyar filin da Lukaku ke buɗewa. Lukaku ya ci 14 a Serie A, ya taimaka aka ci 10, McTominay ya ci 12. Ranar 23 ga Mayun 2025 Napoli na bukatar doke Cagliari kafin ta ɗauki kofi. McTominay ya ci ta farko. Ta biyu kuwa doguwar ƙwallo ce Amir Rrahmani ya harba daga baya zuwa ɓangaren dama, Lukaku ya ture Yerry Mina, ya kwasa da gudu, ya ci da hagu. Napoli ta ƙare da maki 82, Inter na bin ta da 81.